Harsashin Farko na Mai Hatimi Ne

Jawabin da Khushdil, mai sassaƙa ƙotar bindiga, ya yi a zauren baƙi na gidan marigayi Ustad Sardaraz ranar sadakar arba'in.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa.

Malik Sahib Shahzar Khan, babban wannan kwari namu, Allah ya ƙara maka lafiya. Maulana Sahib, limaminmu, wanda ya tsaya a kan gawar, ya kuma ga hannun da aka naɗe a cikin likkafani. Haji Nawroz, shugaban 'yan kasuwarmu, wanda ya ɗauki nauyin shinkafa da ragunan yau, da sauran dattawan da ke kan dardumar gaba. Ustadai, gwanayen maƙera da masu cika harsashi. Baƙinmu da suka hawo daga Kohat da Peshawar. Zmarak, ɗan marigayi, da 'yan'uwansa. Da ku iyayenmu da ƙannenmu mata da ke bayan katanga, musamman mahaifiyar Zmarak, na san kuna ji, don da gangan na ɗaga murya. Assalamu alaikum.

Shagona da na Ustad Sardaraz bango ɗaya ne ya raba su, tun gemunmu yana baƙi. Lala nake ce masa, wato yaya, don ya girme ni, shi kuma ba ya kirana da komai sai "mai katako". Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni in yi magana yau. An ga cewa mai sassaƙa itace bai san komai a kan albarushi ba, zai yi ɗan yabo, ya share hawaye, a shigo da shinkafa. To, an yi kuskuren zaɓe.

Tun ranar da muka binne shi akwai maganar da ke yawo a kasuwar nan. Wai tsufa ne ya ci Ustad, idonsa ya gaza, ya gauraya albarushi iri biyu, bindiga ta fashe a hannunsa. Na ji ta a wurin mai shayi, na ji ta a ƙofar masallaci, na ji ta a bakin mutanen da shi ya koya musu riƙe ma'auni. Ana faɗinta da tausayi, ana kaɗa kai, kuma tausayin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Ƙarya ce. Zan faɗi ko wane ne shi, sannan in faɗi abin da ya kashe shi, wanda ya ga ba zai iya ji ba ga ƙofa nan a buɗe.

Ya kasance mutumin da ba ya zuba albarushi a kwanso sai ya san asalinsa. Dukanmu mun san albarushin nan marar hayaƙi ba iri ɗaya ba ne, na ƙaramar bindiga daban, na doguwa daban, wani mai saurin kamawa, wani mai nawa, alhali a ido duk baƙi-baƙi ne. Mun sani, amma shi kaɗai yake aiki da sanin kullum. Wata rana ina zaune a bakin shagonsa wani dillali ya shigo da gwangwani babu ko rubutu a jiki.

"Ustad, ga kaya masu kyau, daga hayin iyaka aka kawo."

"Ɗan gidan wa ne?"

"Haba Ustad, albarushi ne fa, ba mai neman auren 'yarka ba."

"Suruki in ya ɓaci 'yata ta dawo gida. Wannan in ya ɓaci, yatsun mutum ba sa dawowa. Sha shayinka, ka ɗauki kayanka."

Dillalin ya sha shayin, ya tsallaka titi, ya sayar da gwangwanin kafin kofin ya huce. Wanda ya saya yana cikin zauren nan.

Ya kasance ba ya buɗe gwangwani biyu a kan tebur ɗaya. Sai ya gama da wannan, ya goge tebur, ya rufe, ya kai shi ɗakin baya, sannan ya ɗauko wancan. Mai jira ya jira, mai gaggawa ya ƙara gaba. Abin da ya zube a ƙasa kuwa, wanda tsintsiya ta tara da yamma, ba ya komawa cikin kowane gwangwani, don ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin shara. Jiƙa shi yake yi da ruwa, ya kai gida ya binne a gindin bishiyar rumman da ke tsakar gidan nan. Mun yi masa dariya shekara da shekaru. Ni ne kan gaba wajen tsiyar.

"Lala, rumman ɗin nan naka wata rana in aka fasa shi ƙara zai yi."

"Kai da kake cinye mini rabinsa duk kaka, ban ga haƙorinka ya tashi ba, mai katako."

Sharar sauran shaguna ba ta zuwa gindin bishiya. Akwai mai bi da buhu shago-shago yana tarawa, a kai wani sito a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai tsabta, a dawo da shi kasuwa da araha. Na ƙaramar bindiga da na doguwa da wanda aka kwaso daga tsoffin harsasan soja, duk a ciki ɗaya. Har suna muka sa masa, muna ce masa gamin kasuwa, muna faɗa muna murmushi. Babu babba a nan da bai san ƙofar sitan ba.

Ya kasance alƙalinmu. In bindiga ta fashe a hannun mai saye, maƙeri ya ce laifin harsashi ne, mai harsashi ya ce laifin ƙarfe ne, dangi suka fara ɗauko makamai, wa ake aika wa? Ustad Sardaraz. Ya zo da farin faranti na shan shayi, ya buɗe harsashi ɗaya daga ragowar, ya zazzage a kai, ya kira kowa ya duba da idonsa. Bai taɓa karɓar ko rupi ɗaya a kan wannan ba. Gidaje nawa ne a kwarin nan da ke gaisawa yau saboda farantin nan? Malik Sahib ya sani, don a gabansa ake yi. Kuma shi ne ya yi ta naci, har aka gaji da shi, aka fitar da rumbunan albarushi daga tsakiyar kasuwa zuwa gindin dutse. Shekarar da gobara ta tashi a layin masu gurasa, da rumbunan suna inda suke dā, da babu wanda zai rage ya yi wa wani ta'aziyya.

Ya kasance mai riƙe da al'adar da iyayenmu suka bar mana: duk sabon cikon da aka yi, harsashin farko na mai shi ne. Wanda ya cika, ko wanda hatiminsa ke kan kwali, shi zai fita bakin titi ya ɗaga bindiga sama ya harba da hannunsa, mai saye yana kallo. Ma'anar a fili take: in akwai mugun abu a ciki, ni zai fara samu. Mu mun daɗe da sakin wannan. Wasu suna ɗaure bindigar a jikin gungume su ja kunama da igiya daga nesa. Wasu ma miƙa wa mai saye suke yi, su ce gwada da kanka, Khan Sahib, ka ji daɗin ƙarar, su kuma su ɗan ja da baya. Shi kaɗai ya rage yana fita da hannunsa. Shi ya sa masu gadi da direbobin manyan motoci da makiyaya suke wuce shaguna masu araha su zo su nemi kwali mai ɗan jan hatimin nan nasa. Ba sa buɗewa su duba, hatimin suke dubawa.

Yanzu in zo kan ranar.

An yi wa Lala aikin ido, ya yi jinya a gida duk lokacin sanyi, shago yana hannun Zmarak. Ranar da ya dawo kasuwa, da hantsi, ya leƙo wurina. Fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba.

"Mai katako, na ɗaga gwangwanin da na bari."

"To?"

"Nauyinsa yana nan yadda na bar shi. Amma kwalayen da na bari babu komai a ciki, duk sun fita da hatimina."

"Wataƙila yaron ya sayo wani ne irin naku."

"Wataƙila," ya ce. "Zan tambaye shi in mun koma gida."

Ba su kai ga komawa gida ba. Kafin azahar Inzar Gul ya iso, mai gadin injin niƙa da ke kan hanyar Kohat, tsohon mai sayen kayan Ustad. Ga shi can zaune kusa da ƙofa, in na ƙara ko kalma ɗaya ya tashi ya ƙaryata ni. Zmarak ya ɗauko masa kwali daga sabon ciko, ya sa harsashi a bindigar mai gadin, ya miƙa masa ya gwada. Lala yana kan gadon igiya a bakin shago. Ya miƙe.

"Tun yaushe baƙo yake harba na farko a shagon nan?"

"Baba, ai yanzu kowa haka yake yi."

"Wane albarushi ne a ciki?"

Ina tsaye a bakin ƙofata da guduma a hannu. Na ga yaron ya dubi uban, ya dubi baƙon, ya dubi mutanen da suka fara tsayawa.

"Namu ne, Baba."

"Ka tabbata?"

"Namu ne."

"To madalla. Kawo."

Zmarak ya riƙe bindigar bai sake ta ba. Ya ce shi ya cika, shi zai harba. Wannan na shaide shi da shi, kuma zan shaida a gaban Allah. Uban ya zare ta daga hannunsa a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun ƙaramin yaro, ya ce, "Hatimin wa ke kan kwalin?" Ya taka zuwa tsakiyar titi, ya ɗaga hannu, ya yi bisimilla. Sauran kun ji da kunnenku, waɗanda ke kusa kuma sun gani.

Za ku ce me ya hana shi cewa kawai ba za a sayar ba. Na yi wa kaina wannan tambaya har na gaji. Da ya faɗi haka, ya ƙaryata ɗansa ke nan a gaban baƙo da rabin kasuwa, kuma kun san halinmu, yaron ba zai sake ɗaga kai a kwarin nan ba. Ba zai bar baƙo ya harba ba, ba zai bar ɗansa ya harba ba. Ina kuma jin har lokacin da ya ja kunamar yana fatan yaron gaskiya ya faɗa masa. Ina fushi da shi a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Mutumin da bai taɓa yarda da gwangwanin da bai san asalinsa ba, ya yarda da kalma biyu don daga bakin ɗansa suka fito.

Ya yi 'yan kwanaki a asibiti a Peshawar, hannu ya tafi, ƙarfe kuma ya shige shi a wuya. Duk wanda ya je dubiya abu ɗaya yake gaya masa da 'yar muryar da ta rage: "Idona ne. Ni na gauraya." Daga bakinsa ƙaryar ta fara, shi da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Da muka rage mu biyu sai ya kamo rigata da hannun hagu.

"Mai katako, ka ji abin da na gaya musu."

"Na ji, Lala."

"Haka za ka faɗa."

"Sha ruwa, Lala."

"Yi mini alkawari."

"Sha ruwa, leɓenka ya bushe."

Ya saki rigata. Ya san ni. Ban yi alkawarin ba, kuma da a ce sunansa kaɗai ne a ciki, da wataƙila na haɗiye na bi shi da abin da yake so, ko da yana ci mini rai. Amma Lala yana kwance yana tunanin ɗansa, bai yi tunanin kwalayen da suka fita duk lokacin sanyi ba. Ko ya yi, ya ɗauka mu da muka rage za mu yi abin da ya dace. Ya yi mana kyakkyawan zato fiye da yadda muka cancanta.

Alƙalin kasuwa ya mutu da fashewar bindiga, ba a sami mutum ɗaya da ya ce a kawo faranti ba. Ni na kawo. Na ɗauki ragowar kwalin Inzar Gul, na buɗe ɗaya, na zazzage. Iri uku na gani, wani fale-fale, wani 'yan sanduna, wani kamar ƙwayar gero. Na buɗe na biyu, na uku, haka. Kuskuren tsoho na rana ɗaya ba ya haifar da wannan, wannan gamin kasuwa ne. Na ɗauki farantin na kai wa dattawa a shagon Haji Nawroz.

"Khushdil, kai fa katako ne sana'arka."

"Shi ya sa na kawo wa masu sana'ar, Haji Sahib."

"Ustad da bakinsa ya ce shi ya yi kuskure. Ka fi shi sanin abin da ya yi ne?"

"Kwalaye irin wannan suna hannun mutane. A aika a karɓo su."

"In maganar nan ta fita, wa zai sake hawo hanyar nan ya sayi ko allura? Gidaje nawa ke ci daga kasuwar nan? Mamaci ya rufa wa kowa asiri, kai kuma ka zo za ka yaye. Je ka, Allah ya ba mu haƙuri."

Aka zubar da abin da ke cikin farantin, aka wanke shi, aka zuba mini shayi a kofin da ke kansa.

Haji Sahib, zauna. Na zauna a shagonka na saurare ka, yau kai za ka saurara. Ban ambaci mai sito ba, ban kuma ce kai kaɗai ba ne. Mu ne. Mu da muka sayar da shararmu, mu da muka ga buhun yana wucewa muka ci gaba da shan shayi, mu da muka yi ta zuga yaro muna ce masa ubanka ya tsufa, kowa ya wuce ku, har ya ji kunyar tsadar kayansa. Maulana Sahib, na sani, za ka ce nan ba wurinsa ba ne. Wurinsa na yi ta nema tun ranar jana'iza ban samu ba.

Ga ragowar kwalin nan, na zo da shi. Ga kuma ƙaramar bindiga sabuwa, ƙirar Ustad Baryalai, wanda ba a taɓa jin ƙarfensa ya ba da kunya ba. Na ajiye su a kan darduma. Duk wanda ya ce kuskuren tsoho ne na harsashi ɗaya, sauran lafiya lau suke, ga fili nan a ƙofar gida. Ya zaɓi wanda yake so a ciki, ya fita ya harba da hannunsa, mu kuma mu kalla. In ya dawo da yatsunsa, zan tsaya a tsakiyar kasuwa in ce ni ne maƙaryaci.

Ina jira. Shinkafar ba za ta huce ba.

Dattawan gaba, babu? Ustadai, ku da kuka ce idonsa ne? Kai da ka faɗa a wurin mai shayi har kana kwaikwayon yadda yake laluben ma'auni?

Zmarak, ba da kai nake ba. Ajiye bindigar nan. Na ce ka ajiye, ɗana. Ku riƙe shi. Naka an riga an harba, ubanka ya harba maka shi a tsakiyar titi, ba za a harba sau biyu ba. Mahaifiyarka tana bayan katangar nan, ta ba da mutum ɗaya, ya isa.

Zauna ka ji ni. A hannuna ka koyi tafiya tsakanin shagon nan biyu, ban tsaya nan don in kashe ka da ranka ba. Ka ga dai duk zauren nan kai kaɗai ka miƙe ka ɗauki bindigar, kuma kowa ya gani. Amma abin da nake nema a wurinka ya fi jan kunama wuya. Kai ka san fuskokin da ka miƙa wa kwalayen nan. Gobe in Allah ya kai mu zan rufe shagona, kai ma ka rufe naka, mu sauka hanya. Injin niƙa, tashar manyan motoci, rugagen makiyaya, duk inda jan hatimin nan ya shiga. A kowace ƙofa da bakinka za ka ce: ni na cika, ba Ustad ba, ku ba ni. Za a zage ka. Wani zai tofa maka yawu, wani ba zai sake sayen komai a kwarin nan ba. Ni ina gefenka, rabin zagin nawa ne. Ubanka ya saya maka mutunci da ƙarya don yana sonka, amma mutuncin da aka ɗora a kan yatsun mutane ba zai zauna ba. Ka ɗaga kai ka amsa mini. To. Na ji, kuma an ji.

Mahaifiyar Zmarak, 'yar'uwata, ki yafe mini. Na san kin so a yi yau lami lafiya a watse. Mijinki bai yi kuskure a aikinsa ba, ko sau ɗaya, har ranar da ya bar duniya. Ina so ki ji wannan a gaban mutane, don a gaban mutane aka ɓata shi.

Ina gode wa Malik Sahib da ya bar ni na kai ƙarshe, na ga lokacin da aka raɗa masa ya tsayar da ni. Ina gode wa Maulana Sahib da baƙinmu da suka sha hanya, da matan da suka yini a bakin murhu. Ina gode wa Inzar Gul da ya zo, alhali yana da dalilin ƙin zuwa. Wanda ya sayi raguna kuma, ladansa yana wurin Wanda ya san da me aka saye su.

Ya Allah, ga bawanKa Sardaraz ya zo gare Ka da hannu ɗaya. Ka gafarta masa, Ka yafe masa ƙaryar da ya yi a kan gadon mutuwa, Ka san dalilinta. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya zuciyar iyalinsa, Ka ƙarfafa ƙafar ɗansa a kan hanyar da zai bi gobe. Mu kuma da muka gani muka yi shiru, Ka ba mu kunya tun muna da rai.

Ya Allah, akwai bayinKa a yanzu haka, a bakin ƙofofin da suke gadi, a cikin motoci, a bayan garke, kowanne da harsashin nan a ɗamararsa, hankalinsa kwance don ya ga hatimin Ustad. Ba mu san inda dukansu suke ba, Kai Ka sani. Ka kawar musu da ɓarawo, Ka kawar musu da kyarkeci, Ka kawar musu da bikin da ake harbe-harbe da kuma fushi. Kada Ka sa ɗayansu ya buƙaci harbi kafin mu iso.

Amin.